Yadda Za a Taimaki Tsoho Mai Raunin Gani Ya Yi Allurar Insulin Daidai Awo

Insulin magani ne da ɗan kuskure a awonsa ke iya kwantar da mutum. Yunit 10 na irin wanda aka fi samu a asibiti da kemis, mai lamba U-100, kashi ɗaya ne kacal cikin goma na mililita, bai wuce ɗigo biyu ba. Layukan awon da ke jikin sirinji sirara ne, a matse suke, ko mai lafiyar ido sai ya matsa wajen haske kafin ya tantance. Ga shi kuma ciwon suga da kansa yana cin ido. Yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke can bayan ido, yana gaggauta zuwan yanar ido, kuma idan suga na hawa yana sauka, mutum kan riƙa gani dishi-dishi yau, gobe ya ɗan washe. Wanda ya fi kowa bukatar awo daidai, shi ne idonsa ya fi saurin gazawa.

Dattawanmu kuwa ba kasafai suke faɗa ba. Ka tambayi Baba ko yana ganin lambar, ya ce "Ina gani mana," alhali kintace yake yi, don ba ya son ɗora wa kowa nauyi, ko yana gudun a ƙwace masa abin da ya saura a hannunsa. Sai gida ya ga suga yau ya haura 300, jibi an same shi yana gumi yana sambatu, a ce abinci ne. Sau da yawa ba abinci ba ne, awo ne.

Abu guda kafin a shiga bayani: adadin yunit na likita ne. Duk abin da ke ƙasa hanya ce ta tabbatar da cewa abin da likita ya rubuta shi ne ke shiga jiki, ba ƙari ba ragi.

A fara da gwaji, ba da tambaya ba

Ku zauna da shi a wurin da ya saba yin allurar, a lokacin da ya saba, da irin hasken da ya saba. Kada ku nuna jarrabawa ce. "Baba, ku ja mini awonku in gani, ina son in koya," ko "Hajiya, ku nuna mini yadda kuke yi." Ku bar su su ja, ku duba lambar, a mayar, a sake har sau uku. Kada ku gyara komai sai an gama.

Ba ido kaɗai ake dubawa ba. Ku lura ko hannu na rawa. Ku lura ko yatsu na jin abin da suka taɓa, domin suga na kashe jijiyoyin yatsu kamar yadda yake yi wa ƙafa. Ku lura da kunne. Sannan babbar tambaya, tunani: ya san yunit nawa ne? Ya tuna ko ya yi ta safe? Idan ido ne kaɗai ya raunana, tsoho na iya ci gaba da yi wa kansa allura da ɗan taimako, kuma a ganina barinsa ya yi shi ne daidai, don mutuncinsa ne. Amma idan mantuwa ta shigo, allura ta bar hannunsa gaba ɗaya, a ajiye maganin inda ba zai kai ba, a naɗa mutum guda da zai riƙa yi. Mutum guda, ba "duk wanda ke kusa" ba.

A koma wurin likita da kayan duka

A zuba kwalba ko alƙalamin insulin (na'urar allura mai siffar biro da magani a cikinta), sirinji, na'urar gwajin suga da littafin da ake rubuta sakamako a leda ɗaya, a tafi da su. A gaya wa likita ƙarara cewa ba ya ganin layin sirinji, domin ba kowane likita zai yi wannan tambayar ba a ranar da layi ya cika. A roƙi abubuwa kaɗan. Ko za a iya rage yawan allurar a rana? Ko za a iya mayar da shi kan alƙalami a madadin kwalba da sirinji? Idan awon ya faɗa kan lamba mara, kamar 13 ko 17, ko za a daidaita shi ya zama lamba cika? A kuma tambayi iyakar da ake son sugansa ya tsaya, domin ba a matsa wa tsoho kamar yadda ake matsa wa matashi. Ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ta amince da gwajin HbA1c, wato na matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, ya tsaya ƙasa da kashi 8 cikin 100 ga dattijon da ke fama da wasu cututtukan, saboda faɗuwar suga ta fi masa haɗarin gaggawa fiye da ɗan hawansa.

Daga nan a nemi likitan ido, kada a ce tsufa ne kawai. Idan yana ce, aiki na maido da gani, kuma ana yinsa a wurare irin su Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano. Idan jijiyoyin bayan ido ne, kama shi da wuri na tsare abin da ya rage. Mai ciwon suga a duba masa ido sau ɗaya a shekara ko da bai koka ba.

Sirinji ya dace da kwalba

Wannan kuskuren ko masu ido yana kama su. Insulin na zuwa da ƙarfi daban-daban. U-100 na nufin yunit 100 a kowace mililita, U-40 kuma yunit 40. Kowanne da sirinjinsa: na U-100 galibi murfinsa ruwan lemo ne, na U-40 ja. Idan aka ja insulin U-100 da sirinjin U-40 har layin 10, abin da ya shiga jiki yunit 25 ne, ninki biyu da rabi. Idan aka yi akasin haka, yunit 4 kawai ya samu. Tsohon da ba ya bambance ja da ruwan lemo ba zai gane an canza masa ba, don haka mai ido ne zai karanta jikin kwalba da jikin sirinji duk lokacin da aka sayo sabo. Sirinjin allurar zazzaɓi mai mililita 2 ko 5 kuwa, ba a auna insulin da shi ko kusa.

Girman sirinjin ma na da tasiri. Akwai mai yunit 30, mai 50, da mai 100. A mai 100, sau da yawa kowane layi yunit 2 ne. A mai 50, kowane layi yunit 1 ne kuma layukan sun fi tazara. A sayi mafi ƙanƙantar da zai ɗauki awon, a tsaya kan iri ɗaya. Ranar da kemis ya ce babu, ya ba da wani, a ɗauka komai sabo ne a sake dubawa.

Hannu ya gane abin da ido ya kasa

Idan insulin iri biyu yake amfani da su, na dogon zango da na lokacin abinci, musanya su na iya kai mutum asibiti cikin dare. A naɗa robar ɗaure kuɗi zagaye biyu a jikin ɗaya, ɗayan a bar shi haka. A jikin alƙalamin za a naɗa, ba a murfi ba, don murfi na iya musanyuwa. A ajiye su a mazubai masu siffa daban, ɗaya gwangwani ɗaya ƙaramin kwando. A rubuta awon da baƙar maka, manyan lambobi a farin kwali, a manna a bango daidai inda yake zama. A ware tire guda mai duhun launi na kayan allura kaɗai, don farin murfi da farar auduga su fito sosai, kuma abin da ya gangara ya tsaya a bakin tiren. A ajiye tocila mai ƙarfi kusa. Haske ya zo ta bayan kafaɗa ya sauka kan hannu, ba ya haske fuska ba.

Idan alƙalami ne

Alƙalamin insulin, wanda wasu ke kira biro, shi ya fi sauƙi ga mai raunin gani, ko da yake ya fi tsada. Yana ɗauke da mililita 3, wato yunit 300 a na U-100. Ana murɗa gindinsa, kowace murɗa ta yi ƙas, a ji a kunne a kuma ji a yatsa. Akwai irin InnoLet mai faffaɗar fuska kamar agogo, da manyan lambobi daga 1 zuwa 50. Idan ana samunsa a tambaya.

Sai dai a san wannan: takardun kamfanonin da ke yin su sun ce wanda ba ya gani kada ya yi amfani da alƙalami sai da taimakon mai gani da aka koya wa, wasu ma sun ce kada a dogara da ƙirga ƙarar. Dalili shi ne ba duka ne ƙas ɗaya ke nufin yunit ɗaya ba. Tresiba mai ƙarfin U-200 yunit 2 take tafiya a kowace murɗa, wasu alƙaluman kuma rabin yunit. Saboda haka nas ko mai haɗa magani ya fara tabbatar da nawa ne ƙas ɗaya a wannan alƙalamin, kuma ƙirga ta zama abokiyar dubawa, ba madadinta ba.

Ga yadda ake yi. A wanke hannu. A shafa alƙalamin a ji robar, a faɗi sunansa da baki. Idan mai launin madara ne, irin Mixtard, Insulatard ko NovoMix, a mirgina shi tsakanin tafuka sau 10, a juya shi sama da ƙasa sau 10, a hankali ba girgizawa ba. Tsoho ba zai ga ko ya gauraya ba, don haka ya cika ƙirgar kullum. Mai kama da ruwa, irin Lantus ko Actrapid, ba ya bukatar haka. A ɗaura sabuwar allura, a cire murfi biyun, na waje da na ciki. Mutane na manta na cikin.

Sai gwajin fita. A murɗa yunit 2, a ɗaga allurar sama, a danna har ƙarshe. Mai ido zai ga ɗigo. Wanda ba ya gani ya kawo bayan hannunsa ƙarƙashin alƙalamin ya karkata shi kaɗan, zai ji sanyin ɗigon, kuma insulin na da wani wari mai kama da na asibiti da hanci ke kamawa nan take. Idan ba ɗigo, a sake. Idan an yi sau uku babu, a canza allura.

Yanzu awo. A kashe rediyo, yara su yi shiru. Ya murɗa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa da ƙarfi, kamar yadda yake jan carbi, kada ya murɗa da sauri ƙarar ta haɗe. Idan wani ya yi sallama ƙirga ta ɓace, ba a ci gaba daga inda ake zato, a mayar da shi sifiri a faro. Bayan ya gama, mai ido ya leƙa tagar lambar. Idan ba kowa a gida, kyamarar waya na ƙara girman lamba, ko a kira ɗa ko jika ta bidiyon WhatsApp a nuna masa tagar: "Kaka, ku ɗan matso da shi. Yawwa, 16 ne, ku yi bismillah."

Akwai tarko ɗaya da ya kamata kowa ya sani. Yawancin alƙaluman ba sa murɗuwa fiye da abin da ya rage a ciki. Idan awon 20 ne, ya ƙirga 12 sai abin ya cije, ba lalacewa ya yi ba, ƙarewa ya yi. Kada a tilasta shi. Abin da ya fi sauƙi ga tsoho shi ne a ɗauko sabo a yi awon gaba ɗaya da shi. Ana iya sanin ranar tun kafin ta zo: mai yunit 20 a rana, da 2 na gwaji, yana cin 22, alƙalami zai kai shi kwana 13.

A soka a ciki, nesa da cibiya da kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku, ko a gaban cinya. Allurar milimita 4 ta wadatar wa kowa. A danna har maɓallin ya tsaya, a ƙirga 10 a hankali kafin a zare, in ba haka ba wani kason zai zubo waje. A cire allurar a jefa cikin jarkar roba mai kauri da murfi. A riƙa canza wuri kowane lokaci, kuma duk wata a shafa cikin da tafin hannu. Inda aka ji ƙululu ko tauri a daina sokawa, domin nan ba ya shan magani daidai. Tsofaffi na son wurin saboda ba ya zafi, sai a yi musu bayani. Idan za a koma sabuwar fata bayan an daɗe ana soka ƙululu a sanar da likita, don maganin zai fi kamawa, suga na iya faɗuwa.

Idan kwalba da sirinji ne

Wannan shi ne abin da gidaje da yawa ke iya saye, kuma shi ya fi wuya ga mai raunin ido. A gauraya mai launin madara, a goge robar bakin kwalba da sifirit, a ja iska daidai awon, a tura cikin kwalba, a kife ta, a ja maganin. Kumfar iska na rage awo, kuma tsoho ba zai gan ta ba, don haka a ja a mayar cikin kwalba sau uku kafin jan ƙarshe. Awo na tsayawa ne a bakin baƙar robar da ke kusa da allura, ba ƙarshenta na baya ba. Idan kwalba ta yi ƙasa, bakin allura kan fito saman maganin ya ja iska zalla. Daga lokacin da ta kusa ƙarewa, mai ido kaɗai zai ja.

Akwai gilashin ƙara girma da ake maƙalawa a jikin sirinji, akwai kuma wata na'ura mai suna Count-a-Dose da ake saka kwalba da sirinjin yunit 50 a ciki, tana ƙas a kowane yunit. Mai ɗan'uwa a waje na iya sa a aiko. Ban goyi bayan yanka kara ko kwali a matsayin ma'auni ba, domin ɗan bambancin da ido ba ya gani yunit biyu ne ko uku.

Hanyar da ta fi aiki a irin gidajenmu ita ce mai ido ya ja allurai na 'yan kwanaki ya ajiye, da izinin likita. Kada su wuce na sati guda. A rufe kowace da murfinta, a tsayar da su a kofi bakin allura na kallon sama don garin maganin kada ya toshe ta, a sa a firij. Na safe a kofi mai hannu, na dare a marar hannu. Kafin a soka a mirgina sirinjin a tafi ya gauraya. Ana yin haka da irin su Mixtard, Insulatard da Actrapid. Ba a yi da Lantus.

"Na yi ko ban yi ba?"

Allura biyu a lokaci guda ta fi mantuwar ɗaya haɗari. A sayi akwatin ƙwayoyi mai ɗakunan kwana 7, a sa kan allurar alƙalami ɗaya a kowane ɗaki. Ya laluba ya ji ɗakin Talata da safe wayam, to an yi. Ga masu sirinjin da aka ja, adadin da ya rage a kofi ne shaida. A ɗaure lokacin allura da abin da ba ya canzawa, kamar karin kumallo da tuwon dare bayan Magariba. Mixtard da Actrapid ana yinsu kamar minti 30 kafin cin abinci, NovoMix da NovoRapid dab da ci. Kada a soka sai abincin na nan a hannu, ba wai an aiki yaro sayen ƙosai ba. Idan shakka ta zo kuma ba shaida, kada a sake, a gwada suga, a kira asibiti. Wadda aka manta ba a ninka ta a ta gaba. Ranar da ba shi da lafiya, yana amai ko ya ƙi abinci, kada a yanke hukunci a gida, a nemi likita a ranar.

Ajiya a ƙasa mai zafi

Wanda ba a buɗe ba yana zama a firij, digiri 2 zuwa 8, nesa da wurin ƙanƙara. Wanda ya daskare ya lalace ko ya narke. Wanda aka buɗe galibi sati 4 yake yi, wasu sun fi haka, a duba takardarsa, a rubuta ranar buɗewa da manyan lambobi. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin na riƙe ƙarfinsa sati 4 a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Wannan ya kwantar da hankali, amma bazararmu na haura 40. Inda ba wuta, a yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. A sa maganin a roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa shi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa mai iska. Duk sati mai ido ya ɗaga kwalbar: mai kama da ruwa da ya yi gurɓi, ko mai madara da ya yi gudaji, a zubar.

Idan suga ya faɗi

Duk mutanen gida, har yara, su san wannan. Ƙasa da 70 a na'urar da sakamakonta ke kai ɗaruruwa (mg/dL), ko 3.9 a wadda ke ba da irin 5 ko 10 (mmol/L), ko 0.70 a lissafin da aka saba da shi a Nijar, suga ya faɗi. Gumi, karkarwa, yunwa da bugun zuciya su ne alamun da aka sani, amma tsoho kan tsallake su, sai dai a ga ya rikice, magana ta sarƙe, ya yi faɗa ba dalili, ko ya faɗi. Kada a ce rikicin tsufa ne ko iska, a gwada. Idan yana iya haɗiya, a ba shi cokalin shayi 3 zuwa 4 na sukari a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofin lemon kwalba mai sukari. Bayan minti 15 a sake gwadawa, in bai haura ba a ƙara, in ya haura a ba shi abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti, a gaya musu yana kan insulin. A ƙulle masa ƙwayoyin sukari a aljihu da gefen matashinsa, inda hannu zai kai ba sai da ido ba.

Kafin azumi da 'yan makonni a je wurin likita, domin tsoho mai allura kuma mai raunin gani na cikin waɗanda azumi ke wa haɗari. Idan ya ɗauka, suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a karya azumin nan take.

Duk ranar da likita ya canza awo, a canza komai kafin a kwanta: kwalin bango, alluran da aka ja aka ajiye, lissafin kwanakin alƙalami, a kuma sanar da wanda ake kira ta waya. Sannan duk wata a sake wancan gwajin na farko, a zauna a ga yana jan awonsa, domin idon da ya iya a watan jiya ba lallai ya iya a wannan ba.